Nauyin Rumbu a Sikelin Kara

Sai da Auta ya yi furfura a kan sitiyari kafin ya gane cewa akwai kayan da suka fi siminti wahalar ɗauka, wato kayan da ba su da nauyi. Tun da aka gina tashar wutar lantarki a bayan gari, wadda ba ta shan mai sai karan masara da buntun shinkafa da ɓawon gyaɗa, ya mayar da motarsa ta ɗaukar kaya ga jigilar kara. Tsohuwa yake kiran motar, kuma ba don wasa ba, domin ta girmi wasu daga cikin leburorin da ke yi mata lodi.

Da farko kowa ya ce masa ya dace. Abin da manoma ke cinna wa wuta bayan girbi don su huta da shi, shi ne za a saya a hannunsa. Sai dai ranar da manoma suka ji shara ta yi kasuwa, a ranar ta daina zama shara. Mai gona ya yanka kuɗinsa, masu ɗaure dami su loda suka yanka nasu. Igiya tana tsinkewa, kututturen kara yana huda taya. Gonakin kusa da tasha manyan motoci sun share su, dole ya ƙara nisa, kuma duk nisan da ya ƙara Tsohuwa ce ke shanye shi a dizal. Idan an gama lodi, kayan kan yi tsiri har su riƙa gaisawa da wayoyin lantarki, mutane su tsaya a bakin hanya suna yi masa fatan sauka lafiya. Amma da an hau sikeli sai lambobi su nuna abin kunya. Rabin abin da yake ja iska ce, tashar kuwa ba ta sayen iska. In raɓa ta taɓa karan, a zaftare masa na danshi.

Abin da ke saura a hannunsa bayan kowane zuwa bai kai a kira shi riba ba. Wani mai sayen tsofaffin ƙarafa har ya fara zagaya Tsohuwa yana ƙwanƙwasa ƙofarta, yana gyaɗa kai irin na mahauci a gaban saniya. Auta ya san in aka yi wata kaka a haka, can za ta ƙare, shi kuma ya ƙare a kan benci a ƙofar gida.

Ana cikin haka yayarsa ta aika a kira shi. Ita ta goye shi yana jariri, don haka har yau ba ta yarda ya girma ba.

"Auta, ka ga wannan?" Ta nuna mijinta da ludayi. Yana zaune ya cika kujerar mutum biyu, yana sauraron rediyo. Tela ne a da, ido ya yi rauni ya rufe shago, kuma tun yana saurayi ake ce masa Rumbu saboda abin da cikinsa ke iya adanawa. "Tun da ya ajiye almakashi ban sake share ƙarƙashin kujerar nan ba. Ka riƙa tafiya da shi. Ya sha iska, ni ma in sha."

"Yaya, aikin namu akwai ƙura."

"Ƙura ba ta cin mutum. Shi ne zai cinye mu."

Rumbu ya rage muryar rediyo. "Ina jin ku fa. Akwai wurin cin abinci a tashar taku?"

Akwai. Ga yadda tsarin wurin yake. Mota takan shiga ta babbar ƙofa, ta hau wani faffaɗan faifan ƙarfe, lambobi su fito a allon da ke saman tagar Mai Sikeli, wata mata mai tabarau wadda ba ta cika ɗaga kai daga teburinta ba. Daga nan a wuce filin sauke kaya, inda kara ya yi tsauni. In an sauke, a dawo a sake hawa faifan da mota wayam. Bambancin awon farko da na biyu shi ne nauyin kara, shi ake biya. A gefen filin sauke kaya kuwa akwai ɗakin cin abincin ma'aikata, mai wata ƙaramar ƙofa da ke fita titi.

Tun ranar farko hancin Rumbu ya gano ɗakin. Da mota ta tsaya a filin sai ya sauko, Tsohuwa ta yi ajiyar zuciya ta miƙe daga karkacewar da ta yi, shi kuma ya shige ya zauna gaban shinkafa da nama. In ya gama ya bi ta ƙaramar ƙofa ya jira a inuwar wata bishiya, Auta ya fito ya ɗauke shi.

Sai al'amura suka soma gyaruwa. Ba wani abin a zo a gani ba ne, amma ya sayi sabuwar taya, ya kuma ce wa mai ƙarafa ya daina taɓa masa ƙofa. Ya ɗauka albarkar zumunci ce, har ya faɗa wa matarsa cewa wanda ya yi wa yayarsa biyayya ba ya taɓewa.

Wani hantsi suna kan faifan, cike da kaya, iska ta fizge hular Rumbu ta jefar ƙasa. Ya buɗe ƙofa ya sauka ɗaukowa. Idon Auta yana kan allo. Ya ga lambobi sun zube. Rumbu ya kaɗe hula, ya kama ƙofa, ya yi nishi ya hawo. Lambobi suka koma inda suke. Sannan Mai Sikeli ta danna abin da take dannawa, ta yi masa hannu ya wuce.

Auta ya wuce, amma bai san yadda ya kai filin ba. Da Rumbu ake auna shi in ya shigo, babu Rumbu ake auna shi in zai fita. Ashe duk watannin nan mijin yayarsa yake sayar wa tashar, kullum, daga hula har takalmi. Da ya kwatanta a ransa, sai ya ga ribar nan da yake godiya a kanta daidai take da mutumin, ba ragi ba ƙari.

Mutum ne mai ajiye abu a rai ya yi ta juya shi. Ya ce wa kansa ba da niyya ya yi ba, kuma gaskiya ne, har zuwa ranar hula. Ya ce tashar ma tana zaftare masa na danshin da bai gani da idonsa ba. Ya ce gobe zai gyara. Goben ta zo, Rumbu ya sauka a filin kamar kullum, Auta ya buɗe baki, ya tuna mai ƙarafa, ya rufe. Daga nan ya kasa kallon ƙwan lantarki. Duk sanda matarsa ta kunna fitilar ɗaki sai ya ga kamar wani yanki na Rumbu ne ke ci a ciki.

"Kashe wutar nan," yakan ce.

"Kai da kake kai musu kara, kai ne kuma mai rowar wuta?"

"Ba ki san abin da ke cikinta ba."

Da abin ya tsaya nan, wataƙila da ya saba, domin zuciya takan saba da abin da ba ta so in ana biyanta. Sai jiri ya fara ɗibar Rumbu. Likita ya auna shi ya ce jininsa ya hau, ya hana shi kitse da gishiri da zaƙi, ya ce ya riƙa tafiya a ƙasa har gumi ya fito. Yaya ta karɓi umarnin kamar an naɗa ta hakimi. Kowace safiya ta miƙo wa Auta ƙaramin kwano na dafaffen ganye da wake.

"Amana na ba ka, Auta. In ya shiga ɗakin abincin nan, ruwa kawai. In na ji ƙamshin mai a rigarsa, kai zan kama."

Rumbu ya ci gaba da shiga ɗakin, ya zauna da kwanonsa yana kallon faranti na mutane kamar maraya. Ya fara zubewa. Wuyan rigarsa ya saki, ya ƙara huda a bel ɗinsa. Yaya tana murna, likita yana murna. Auta kaɗai ke kallon allo yana ganin ribarsa tana ramewa.

Ba zai iya cewa ga lokacin da ya yanke shawara ba, don bai yanke ba. Ya dai tsinci kansa ya taka birki a gaban mai shayin da ke mararraba.

"Mijin Yaya, ko za ka ɗan taɓa burodi da ƙwai? Sau ɗaya ba ya kisa."

Rumbu ya dube shi, idanunsa suka kawo ruwa. "Auta, duk danginku kai ne mai imani."

Sau ɗaya ya zama kullum. Auta ne ke biya, ya kuma tanadi wata tsohuwar riga da Rumbu ke ɗorawa lokacin ci saboda hancin Yaya. Bel ya koma hudarsa ta da. Abin dariyar, wanda bai ba shi dariya ba, shi ne burodi da ƙwai da shayi mai madara sun shiga jerin abin da kara ke ci, tare da dizal da igiya.

Ranar da abin ya ishe shi, a gona suke. Rumbu ya sauko daga mota, ƙafarsa ta taɓa ƙasa, ya yi luuu, ya dafe ƙofa ya zame ya zauna a kan kunya. Fuskarsa ta yi toka-toka. Leburori suka yi ta yi masa fifita da huluna har ya dawo daidai. Da yamma da Auta ya mayar da shi gida, Yaya ta riƙe hannunsa a zaure.

"Allah ya yi maka albarka, Auta. Ba don kana tsare min shi ba, da ban san yadda za a yi ba. Likita ma ya rasa dalilin da jinin ya ƙi sauka."

Washegari ya wuce mai shayi bai ko rage gudu ba. Rumbu ya waiwaya yana kallon hayaƙin kaskon har ya ɓace.

"Ka wuce fa."

"Na sani."

Ya gangara gefen hanya ya kashe mota, ya riƙe sitiyari da hannu biyu, ya faɗa masa komai, daga hula har burodi. Yana jiran zagi. Rumbu ya shafa tumbinsa.

"Tsaya in gane. Nawa suke sayen nawa?"

"Nauyinka? Farashin kara."

"Farashin kara!" Rumbu ya buga cinya, motar ta girgiza. "Ni? Mutumin da ya ɗinka wa manyan garin nan riguna? Ko na itace ba a ba ni ba? Ko na gawayi?"

"Mijin Yaya, ba wannan ce maganar ba. Na kusa kashe ka."

"Wannan daban, burodin ya yi daɗi. Amma a ce kullum ana ƙona ni a farashin shara, kuma ko sisi ban gani ba! Sun zaftare min na danshi?"

"Sun zaftare."

"Ka ji zalunci."

Auta ya ce shi dai so yake ya mayar wa tashar abin da ya ci, kuma ya samo hanya. Za su juya al'amarin. Rumbu ya sauka kafin babbar ƙofa, ya zagaya ta ƙaramar ya same shi a filin, sannan ya hau a auna su tare a fita. Ta haka nauyinsa zai fita daga kuɗin kara maimakon ya shiga. Za su yi ta yi har bashin ya goge.

"Da ƙiba ka sayar da ni, da rama za ka biya," in ji Rumbu. "Za mu daɗe."

Haka suka yi. Auta ya shiga shi kaɗai, aka sauke kara, Rumbu ya ɓullo ta ɗakin abinci yana haki ya hau, suka hau faifan. A ranar nan, ranar da Auta ya fara yin abin kirki, Mai Sikeli ta ɗaga kai. Ta sauke tabarau, ta zuge taga.

"Baba Mai Kara, kai kaɗai ka shigo. Wannan bawan Allah fa, a cikin karan ka tsince shi?"

"Mijin yayata ne."

"Allah ya bar zumunci. Ya sauka. Ba ka san kanka kake cuta ba? Wannan ai ya kai dami nawa!"

"'Yata, da gangan ne. Akwai abin da nake son in mayar, domin a baya..."

"Baba, ni awo nake yi. Babu tagar mayarwa a nan." Motocin da ke bayansa suka fara danna oda. Ta leƙo da kyau ta ƙare wa Rumbu kallo, daga sama har ƙasa, kamar mai tuna wani abu. "Kai, wannan tsarin ma yana son gyara. Daga yau direba kaɗai ke shiga da mota. Mai rakiya ya tsaya a waje."

Rumbu ya sauko da mutuncinsa, ya gyara hula. "Hajiya, ni ma ban ce ina sayarwa ba."

Suka kama hanyar gida. Ƙofar cuta ta rufu, ƙofar biya ta rufu, riba kuma ta tafi. Da suka wuce shagon mai ƙarafa, mutumin ya ɗaga wa Tsohuwa hannu, ba Auta ba.

Duk da haka da safe suka koma gona, don an riga an biya mai gona. Rumbu yana fushi da kowa: da Auta, da tashar, da kwanon ganye. Rana ta ɗaga, gidan gaba na motar ya yi zafi, gonar kuwa ba bishiya. Ya ga an yi rabin lodi, dammunan da aka jingina a gefe a bayan motar sun yi inuwa, ya sa aka kafa masa tsani, ya hau yana ƙorafi don ya kwanta. Ya zaɓi wuri ya zube.

Karan ya yi wata irin ƙara, ƙaƙas-ƙaƙas, kamar ana karya ƙasusuwan duniya, Rumbu ya nutse har ba a ganin komai sai hularsa.

"Ku fito da ni!"

Auta ya hau tsani da sauri. Ya miƙa hannu, sai ya tsaya. Ramin da mutumin ya yi zai ci dami uku. Leburorin nan sirara ne, sun sha tattaka kaya, amma kara yakan lotsa musu ya sake tasowa kamar katifa. A ƙarƙashin Rumbu bai taso ba.

"Mijin Yaya, me likita ya ce ka riƙa yi?"

"Ya ce a bar ni a rami? Ja ni!"

"Tafiya ya ce, har gumi ya fito. Tashi ka taka min daga nan zuwa can."

An sha gardama. Rumbu ya ce shi tela ne, ba jaki ba. Auta ya ce wannan karon akwai kaso, kuma ba a farashin kara ba, a farashin ma'aikaci. Rumbu ya ce babban ma'aikaci. Aka daidaita. Ya tattare wando, ya kama igiyar da aka ɗaura masa a gefe, ya fara takawa. Leburori suna jefo dami suna yi masa kiɗa da tafi, shi kuma yana zaginsu ɗaya bayan ɗaya, da iyayen gidansu, yana fitar da iskar da Auta ya shekara yana yi wa dako kyauta. Da aka ɗaure igiya, kayan ba su kai tsayin na jiya ba, amma Tsohuwa ta zauna a kan tayoyinta kamar ta tuna zamanin siminti.

A bakin tashar Rumbu ya sauka ya zauna a inuwar bishiyarsa. Auta ya hau faifan shi kaɗai. Lambobin da suka fito sun wuce duk abin da ya taɓa gani, har da na kwanakin burodi. Mai Sikeli ta dubi allo, ta fito da kanta ta leƙa gidan gaba, ta leƙa ƙarƙashin kujera.

"Yana waje," in ji Auta.

"Na dai duba."

Bashin tashar bai bar ransa ba. Tun daga ranar, kafin ya shiga ƙofa, yakan tsaya a jikin katanga daidai inda tsaunin kara yake, ya zare dami biyu ya wurga su ciki ba awo. Mai gadi ya ɗauka taɓin hankali ne, ya daina tambaya. Auta bai san ranar da zai gama biya ba, don bai san ranar da ya fara ci ba, amma ya daina ce wa matarsa ta kashe fitila.

Kafin kaka ta ƙare jinin Rumbu ya sauka. Yaya ta ce ganyenta ne, babu wanda ya musa mata. Bel ya ƙare da hudoji, Rumbu ya ɗauko tsohon almakashinsa ya rage wandunansa da kansa. Sai dai kara ya soma yi masa gardama. Inda a da taku ɗaya ke isa, yanzu sai ya yi tsalle. Auta ya lura, ya kuma lura da cewa ya lura, ya kawar da kai.

Wata safiya da suka zo mararraba Rumbu ya ce a tsaya.

"Mijin Yaya, mun yi alkawari ba sauran burodi."

"Tsaya dai."

Ya sauka da sauƙin da bai taɓa yi ba, ya je wurin mai shayi, ya dawo da burodi da ƙwai a takarda, mai yana naso. Ya ɗauko tsohuwar rigar nan daga bayan kujera ya shimfiɗa wa Auta a ƙirji, ya ɗora masa ƙunshin a cinya. Shi kuma ya buɗe kwanon ganyensa.

"Daga inuwar bishiya na hango ka kana kallon allo jiya," ya ce. "Ni na kusa ƙarewa. Ci, Auta, sana'ar taka karan nan tana bukatar magaji."